Sandar Bakin Shago

Kasuwar Dogon Dutsi ranar Juma'a take ci, kuma duk wanda ya taɓa cin ta ya san abin da ke faruwa a layin masu shaguna idan rana ta take tsaka. Ladan na ɗaga murya sai ka ga maza sun hau alwala a gurguje, sun saɓa darduma a kafaɗa, sun nufi masallaci. Ba mai jan ƙofa, ba mai laluben kwaɗo a aljihu. Kowa sai ya ɗauko sanda ya gitta ta a bakin shagonsa, shi ke nan an rufe. Ga sabulu yana kallonka, ga sukari, wani lokaci har gwangwanin canji yana leƙowa daga ƙarƙashin tebur, amma ƙafarka ba za ta tsallake sandar nan ba. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba jandarman da ke tsaron ta. Akuya kaɗai ke karya ta, ita ma sai ta sha jifa.

A bakin layin, gindin wata darbejiya, nan Ladidi mai man gyaɗa take zama. 'Yar Lugu ce, ƙauyen nan da ya yi suna a bori da tsafin gargajiya, aure ya kawo ta gari. Mijin ya rasu ya bar ta da yaro guda da turmi guda, dangi suka ce ta koma gida, ta ce ba inda za ta. Da mai da ƙuli-ƙuli ta riƙe yaron a lakkwal, makarantar boko, har ya gama. Ba wanda ya naɗa ta gadin layi, kuma da za ka kuskura ka kira ta mai gadi da ta wanke ka tas. Amma kowane mai shago in ya ajiye sandarsa sai ya waiwayo ya ce, "Inna, ga shago nan." Ita kuma ta ce, "A sa mu cikin addu'a," ko kai ba ta ɗagowa daga kwalabenta.

Mutum ɗaya ne ba ya faɗa mata haka, Mus'ab, mai shagon da ya fi kowane girma a layin. Matashi ne mai gemu da ɗangalallen wando, ya gaji shagon daga mahaifinsa, ya cika shi da shinkafa da taliya da jarkoki har rufi. Ya taɓa cewa a bainar jama'a shi ba ya cin abin hannun 'yan Lugu, don bai san abin da aka yanka a kai ba. Ladidi, wadda sallar asuba ba ta wuce ta sai da dalili, ta ji maganar ta haɗiye, amma maganar ta ƙi narkewa. Tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunansa ba, sai dai "mai gemun can". Abin dariya, Mus'ab ya soki al'adu da yawa a garin nan, tun daga kiɗan suna har sadakar bakwai, amma bakinsa bai taɓa zuwa kan sanda ba. Tasa ma ta fi ta kowa kyau: tsohuwar gora ce ta mahaifinsa, mai fata a kai, ta yi sulɓi don shan hannu.

Shi kuwa yaron, Luƙman, ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka ba shi wuri a biron lanho, inda ake lissafin harajin 'yan kasuwa. Zaman gwaji yake yi, sai babbansa ya sa masa hannu sannan ya zama cikakken ma'aikaci. Amma wa zai tsaya yi wa Ladidi wannan bayani? A wurinta gwamnati ta riga ta rungumi ɗanta da hannu biyu. Wanda ya zo sayen mai sai ya tafi da labarin Luƙman a matsayin gyara, ko yana so ko ba ya so. Basira mai daddawa, wadda ke zama kusa da ita, ta ce ta haddace labarin har tana iya ba da shi cikin barci.

Bayan an gama roron wake, wani baƙo ya fara zuwa gindin darbejiyar. Mutum ne mai tsabta, farar riga ba ado, Hausarsa ta nuna ba a Arewa aka yanke masa cibiya ba. Sai ya sayi ƙuli-ƙuli ya zauna kan benci yana ci a hankali, yana 'yan tambaye-tambaye kamar mai neman wurin kafa shago. Ladidi kuwa ba abin da take so irin mai tambaya. Wata Juma'a baƙon ya yi nawar tashi, ya ga ana ta gitta sanduna ana wucewa, ya riƙe baki.

"Hajiya, haka kuke barin dukiya a buɗe?"

"Ni ba Hajiya ba ta, ban tahi ba tukuna. Ce mani Inna. Kuma wa yac ce maka buɗe take? Ba ka ga sanda ba?"

"Sanda kawai?"

"Nan Arewa na, ɗana. Can inda kuke ku sayi ƙarhe ku liƙa ma ƙohwa. Mu sanda ta ishe mu."

Baƙon ya nuna shagon Mus'ab da haɓa. "Har wancan babban?"

"Har shi. Mai shi ba shi gaida mutane, amma sandatai sanda ta. Dubi, ga littahinai can bisa tebur ƙarƙashin sikeli. Nan shika rubuta abin da motoci ka sauke mai, har da wanda ka shigowa ta bayan gari bisa amalanke, an ruhe shi da kara. Kowa ya san inda littahin yake, kuma tun da nike nan ba hannun da yat taɓa shi."

Alfahari da garinta ne ya sa ta faɗi haka, da kuma ɗan abin nan da ke maƙale mata a wuya game da mai gemu. Da ta gama sai ta ɗora da labarin Luƙman, kamar yadda ta saba. Baƙon ya daina tauna. Ya tambayi sunan yaron, ta faɗa, ya sake tambaya, ta sake faɗa har da na ubansa. Ranar har gyara ta yi masa, don ta daɗe ba ta sami mai saurare irinsa ba.

Ran Laraba da rana Luƙman ya biyo gida, ya same ta tana matsar mai a tsakar gida. Ta tura masa kwanon dambu, ya yi ta juya cokali a ciki ba ya ci.

"Inna, an kawo muna sabon shef, babban biro namu. Shina son a ga aikinai da wuri."

"To, Allah shi ba shi sa'a. Kai dai ka riƙe shi da kyau, sa hannunai kaka jira."

Luƙman ya ajiye cokali ya ce, "In mutum yas sa ka abin da takarda ba ta ce ba hwa?"

Ladidi ta zaro hannuwanta daga cikin tunkuza, ta ɗaga masa su, baƙaƙe, duk tabon ƙuna.

"Wace takarda? Shi ba takarda yak karanta ba har yaz zama shef? Dubi hannuwan ga. Ban ƙone su bisa kasko shekara da shekaru ba don ka tahi kana gardama da na gaba da kai. Abin da yac ce, yi. In ya sa maka hannu, sannan ka hiddo wayonka."

Ya dube ta kamar zai ƙara wata magana, sai ya fasa. "To, Inna," ya ce, ya rufe kwanon ya tashi.

Juma'a ta zo da kasuwa mai cika. Amalanken jakuna daga Ɗan Kassari sun shigo da wake tun da hantsi, mutanen Matankari sun cika layi, man Ladidi ya yi rabi kafin rana ta yi tsaka. Aka kira salla. Sanduna suka yi ta sauka, "Inna, ga shago nan" ta yi ta faɗowa daga dama da hagu. Mus'ab ya gitta gorarsa, ya wuce ta gabanta yana kallon sama kamar kullum. Layi ya yi tsit, ya rage daga mata sai ƙudaje.

Sai ga baƙon nan. Yau babu farar riga, wando ne da riga irin na ma'aikata, har da tabarau. A bayansa kuwa Luƙman ne, wayar salula a hannu, kai a ƙasa.

Da farko daɗi ne ya kama Ladidi. Ta zunguri Basira ta ga ɗanta tare da mutumin kirki. Har ta buɗe baki za ta ce ashe kun san juna, sai ta ji Luƙman ya kira mutumin "Shef". Kuma ba gindin darbejiya suka nufo ba, shagon Mus'ab suka dosa. Nan take komai ya haɗu a kanta: ƙuli-ƙulin da ake ci a hankali, tambayoyin, sunan yaron da aka nemi ta maimaita. Ita da bakinta ta nuna wa mutumin ƙofa, ta nuna masa lokaci, ta kuma miƙa masa ƙafar da ba za a yi wa ihu ba, don wace mace ce a layin nan za ta yi wa ɗan Ladidi ihun ɓarawo?

"Luƙman!" ta kira. "Ba ka ji an kira salla ba?"

Bai ɗago kai ba. Shef ɗin ne ya juyo da murmushinsa na kan benci.

"Inna, aikin gwamnati ne, ba zai daɗe ba. Ko allura ba za mu ɗauka ba. Hoton littafin kawai zai ɗauka ya fito."

"Mai shagon ya sani?"

"In ya sani ai littafin zai yi ƙafa. Inna, ki duba da kyau. Ke kowace Juma'a kina biyan tikitin kasuwa a kan 'yan kwalaben nan naki. Shi kuwa kaya mota-mota yake ɓoyewa. Da me za a gyara asibiti, da me za a biya malaman lakkwal? Kuma ai ke kika gaya mini halinsa."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta tuna zancen 'yan Lugu da abin da aka yanka a kai. Ba abin da ake nema a wurinta sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da goge kwalba. Mai gemu ya sha kunya, ɗanta ya sami sa hannu, ita kuma ta huce. Allah ya sani ta so haka, ta so shi ƙwarai da gaske. Amma da ta ɗaga ido sai ta ga layin tun daga gabanta har ƙarshe, sanduna a jere, ta Iro mai takalma, ta mai kwanuka, ta tsohon nan mai zare wanda ko gani ba ya yi sosai. Kowace a hannunta aka bar ta. In an tsallake ɗaya yau, Juma'a mai zuwa ƙarar kwaɗo za a ji a kowace ƙofa, kuma har ta koma ga Allah za a riƙa cewa ɗan Ladidi ne ya fara.

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta taka har bakin shagon, ba ta tare ƙofar ba, ta tsaya a gefe tana gyara ɗaurin zane.

"Luƙman, maganar da niy yi maka ran Laraba na janye ta. Ba ni hana ka, kai babba na yanzu, ƙahwa taka ta. Amma in za ka ɗaga ta, dube ni cikin ido ka ɗaga."

"Allez, vite," in ji shef da Faransanci, wato maza a yi sauri, yana duba agogo. "Kafin su sallame."

Luƙman ya matsa har bakin takalminsa ya kusa taɓa gorar. Littafin na nan ƙarƙashin sikeli, da ya miƙe hannu sosai ma kamar zai kai. Ladidi tana ganin zufa na bin bayan kunnensa. A layin nan yaron ya yi rarrafe. Ta tuna wata Juma'a yana ƙarami, ƙwallonsa ya gangara cikin shagon nan, lokacin mahaifin Mus'ab na da rai, ya zauna a rana bakin gorar nan yana kallon ƙwallon yana kuka har aka taso daga masallaci. Ba ita ta hana shi ba ranar, ba kuma wanda ya hana shi.

"Shef," in ji Luƙman a hankali, "ina takardar sanarwa?"

"Za a yi ta daga baya."

"Ba haka anka koya muna ba. Cewa anka yi a sanar da mutum, a zo shina tsaye, ya buɗe da hannunai. In ko ana tsoron ya ɓoye wani abu, akwai inda aka zuwa a samo izini. Mu ba mu da ko guda. Abin da munka ɗauka haka, in an kai gaban alƙali, mu za a tuhuma, ba shi ba."

"Kai za ka koya mini aiki? Ka manta takardarka tana hannuna?"

"Ban manta ba, Shef."

Ladidi ta ji kamar ta shiga tsakani ta ce a bar maganar. Ta danne. Luƙman ya juya ya miƙa wa mutumin salular da hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai miƙa wa babba ruwan sha.

"Ga ta. In doka ta yarda, bisimilla. Ni dai ba ni tsallakewa."

Shef bai karɓa ba. Shi ma ya san takarda sarai, shi ya sa tun farko ya nemi ƙafar wani. Ya waiwaya sai ya ga matan layi duk sun miƙe, mai daddawa, mai yaji, mai fura, mai kifi, kallo kawai suke yi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban matan Arewa suna kallonsa a tsaye ba, ba zai gane nauyin abin ba. Ya gyara tabarau, ya ce wa Luƙman sai sun haɗu a biro, ya juya ya fita daga layin da sauri, ko gindin darbejiyar bai kalla ba.

Basira ta rangaɗa guɗa. Ladidi ta daka mata tsawa ta ce ana salla, sannan ta juya kan ɗanta da ke tsaye kamar an dasa shi.

"Kai kuma mi kaka jira? Ruga, ko raka'a guda ka samu."

Ya ruga. Ita ta koma mazauninta. Ta ɗauki mazurari za ta cika kwalba, man ya bi gefe ya zube a ƙasa, abin da Basira ba ta taɓa gani ba tun da suke zama tare.

Kafin la'asar labari ya kai tasha ya dawo. Mus'ab ya ji shi daga bakuna da yawa, kowa da ƙarin gishirinsa. Ya dubi littafinsa ƙarƙashin sikeli, ya dubi gorar, ya ɗan saci kallon gindin darbejiya. Ladidi ma ba ta zauna jiran godiya ba. "Ba don gemunai niy yi ba," ta ce wa Basira, da ƙarfi yadda zai ji.

Ba a daɗe ba takarda ta fito, ta gaskiya, mai tambari da sa hannu. Kuma Luƙman ɗin shef ya turo da ita tare da wani ma'aikaci, wataƙila yana zaton yaron zai sassauta wa mai shagon, a sami abin kama shi da shi. Luƙman ya yi sallama a bakin ƙofa, ya jira aka amsa, ya miƙa takardar. Mus'ab ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya ɗaga sikeli da hannunsa ya ciro littafin. Suka wuni a kai. Duk abin da ya shigo ta bayan gari a ƙarƙashin kara ya fito fili, aka yanka wa Mus'ab tara mai nauyi, irin wadda ke sa mutum ya rame a tsaye. Da suka tafi ya fito bakin shago yana huci, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya.

"Kun ga ikon Allah! Uwa ta tsare ƙohwa, ɗa ya shigo da sallama ya yanka ni!"

Ladidi, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Da sallama dai ko?"

Layi ya kwashe da dariya, har tsohon nan mai zare. Mus'ab ya koma ciki. Ranar Ladidi ta tafi gida kanta a sama, tana gaida har waɗanda ba ta sani ba. Wanda ke cewa yaron ya ƙi tsallakewa ne don abota ko don an ba shi wani abu, bakinsa ya mutu.

Sa hannun kuwa bai zo ba. Abin da ya zo takardar canjin wuri ce: an tura Luƙman Tibiri, ya riƙa bin kasuwannin ƙauye a kan babur, kuma zaman gwajinsa ya koma farko. Ba wanda ya kira shi hukunci, ba kuma wanda bai gane ba. Ladidi ta yi kuka, kuka sosai, a bayan ɗaki tana dakan gyaɗa don ƙarar taɓarya ta rufe. Ita ta ɗora yaron nan kan aikin da hannuwanta, ita kuma ta tsaya a gefen ƙofa ta sa ya saki abin da ya kusa kamawa. Masu sayen mai suka daina samun labarin Luƙman, har Basira ta ce kunnenta ya yi kewa.

"Kana jin haushina?" ta tambaye shi yana ɗaure kayansa.

"Inna, da na tsallaka, da wane ido zan sake bin layin ga? Kuma Tibiri ba bayan duniya ba ta."

Ta ce haka ne, amma zuciyarta ba ta ce haka ba.

Motar Tibiri ranar kasuwa take cika, don haka ran Juma'a da hantsi zai tafi. Sun yi sallama a gida, ta sa masa albarka, ta ɗauki kayanta ta fito kasuwa, don mai neman na abinci ba ya fashin Juma'a. Basira ta tafi suna Matankari, gefenta ba kowa. Ladidi ta jera kwalabe ta zauna, amma idonta na hanyar tasha. Wata ta nemi mai ta miƙa mata ƙuli-ƙuli. Ga wani ƙullin ƙuli-ƙulin ma da ta soya masa musamman, ta manta ba ta ba shi ba, yana nan cikin kwando. Mace mai faranti ba ta da ƙofa balle sanda, kuma tun da Ladidi ta fara zama gindin darbejiyar nan ba ta taɓa tashi ta bar kayanta kasuwa na tsakiyar ci ba. Wannan ba lokacin salla ba ne da layi ke yin tsit. Baƙi ne ta ko'ina, ana ta turereniya.

Inuwa ta faɗo kan kwalabenta. Ta ɗaga kai. Mus'ab ne, fuska a ɗaure kamar kullum, gorar mahaifinsa a hannu. Ya jawo dutse da ƙafa ya ajiye a dama da farantin, ya jawo wani ya ajiye a hagu, ya sunkuya ya gitta gorar a kai.

"Tahi ki raka shi, Inna."

Karo na farko ke nan da ya kira ta haka. Ta dubi gorar, ta dube shi.

"Man 'yan Lugu na hwa."

"Na sani. Ki dai komo kahin a kira salla, ba ni da wata."

Ya juya ya koma shagonsa, bai jira ta ce komai ba. Ta ciro ƙullin daga kwando, ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta ratsa layin takalma, ta ratsa 'yan wake da jakunansu, mutane na kauce mata don tafiyar da take yi ba ta mai neman hanya ba ce. Kwalabenta na can baya a tsakiyar dubban mutane, da ɗan abin da ta samu tun safe a ƙarƙashin faranti. Ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba.

Ta sami motar ta kusa cika. Luƙman na zaune bakin taga, jaka a kan cinya. Da ya hango ta sai ya zabura, ya leƙo da kai.

"Inna! Wa kinka bar ma kaya?"

"Ba kowa," ta ce, tana miƙa masa ƙullin ta taga. "Na kulle."